Renon 'Yar Taba a Tukunyar Bwari

Ni da hancina nake cin abinci. Turaren wuta nake haɗawa, sana'ar da na koya wurin gwaggona wadda ta yi zaman aure a Maiduguri, kuma da aikin gwamnati ya kawo maigidana Abuja sai na kama ɗan shago a bakin kasuwar Gudu. In mace ta gifta ni a gidan biki, kafin ta sami wurin zama na san ko sandal ɗinta na gaske ne, ko guntun katakon kafinta aka jiƙa da turare aka sayar mata. Ba cika baki ba ne, haka Allah ya yi ni.

Shi ya sa ranar da Alhaji, maigidan nawa, ya dawo daga wani taro da ofishinsu ya tura shi ƙasar waje, bai gama zuge jaka ba na ce, "Alhaji, me ka shigo mini da shi gida?"

Ya ce, "Tsarabarki tana ƙasa, ki bari in huta mana."

Na ce, "Ba ta tsaraba nake ba. Akwai abin da ke warin turken awaki a jakar nan."

Ya yi dariya har da tari, sannan ya zaro wani ɗan akwatin katako da bai fi tafin hannuna ba, ya buɗe shi a hankali kamar ƙwai ne a ciki. Taba ce guda uku, gajeru, kowace ba ta wuce tsawon yatsata ta tsakiya ba, launinsu irin na dabino, kowace da zoben takarda a wuya. Ba da takarda aka naɗe su ba irin ta sigari. Ganye ne tun daga ciki har waje. Ya ce Turawa siga suke ce mata.

Raina ya ɓaci nan take. Mutumin nan ya bar sigari tun kafin a haifi 'yarmu ta fari, da ƙyar da jiɓin goshi, kuma goshin nawa ne ba nasa ba. Na ce, "Lallai ma! Da furfurarka da komai?"

Ya ce, "Hajiya, an ce taba ta bambanta da garin gero. To ita ma taba ta bambanta da taba. Zauna ki ji."

Na ƙi zama, amma na ji. Wani dattijo ne daga can tsibiran da ake noma ta, wanda suka zauna kujera kusa da kujera har aka gama taron, ya ba shi ranar rabuwa. Ya ce masa sabon naɗi ne, bai isa sha ba tukuna. Ya sha ɗaya yanzu don ya san ƙuruciyarta, sauran kuma ya ajiye su shekaru su tsumu.

Nan fa na jawo kujera. Taba ce za ta tsumu? Ni na san wannan aikin. Ba na sayar da turaren da na soya yau, sai ya yi watanni a kwalba, itacen da sukarin da man sun daina faɗa da juna. Sabon haɗi ihu yake yi a hanci, tsumamme kuwa a hankali yake magana. Amma ganyen taba, wanda a garinmu tsofaffi ke dakawa da kanwa su cusa a leɓe, me zai zama in aka ba shi shekaru? Tambayar ta shige ni ta ƙi fita.

Ya sha ta farko wata Asabar bayan la'asar, a barandar baya, inda babu mai hango shi sai dutsen da ke bayan unguwarmu. Gidanmu a bene yake, ɗaki biyu da falo da ɗan sito. Na ɗauki tsintsiya na tsaya bakin ƙofa ina sharar inda na riga na share. Ya yanke mata ɗan kai da reza, ya riƙa gasa ƙasanta da ashana yana juyawa kamar mai gasa masara, sai da ta kama ko'ina sannan ya kai baki. Wai ba a haɗiye hayaƙin, a baki ake juya shi a fesar. Sai na ga ya yamutse fuska.

"Yaya?" na ce, na manta ina fushi.

"Barkono ne zalla. Ya hau mini hanci, ga ɗaci a ƙarshen harshe."

Daga inda nake tsaye, turken awakin yana nan daram. Amma a ƙarƙashinsa akwai wani abu mai daɗi da ke leƙowa ya koma, kamar gyaɗar da aka fara soyawa a gidan maƙwabta. Ban gaya masa ba, kada ya ce na ɗaure masa gindi. Da ya gama ya ce sauran biyun sai ranar da ya yi ritaya. A lokacin da sauran shekaru a gabansa. Na ce Allah ya kai mu, ya kuma je ya wanke baki kafin magariba.

Sai ya je ya cusa akwatin a wadirob, ƙarƙashin manyan rigunansa. Babu wanda ya gaya mana abin yana da laulayi. Rani ya shigo, iska ta bushe har leɓe na tsagewa, ga esi, na'urar sanyaya ɗaki, da Alhaji ba ya iya barci sai da ita. Wata safiya na ji salati daga ɗaki. Na same shi zaune a bakin gado, ɗaya daga cikin biyun ta tsage tun daga wuya har ƙasa, fatarta duk ta ɗaɗɗago. Ya kai akwatin hanci, ya ɗago ya dube ni.

"Hajiya, ƙamshin sandal take yi."

"To da ƙamshin me za ta yi? Rigunan wa nake turarawa duk Alhamis?"

"Ganye ne fa, yana shan duk abin da ke kusa da shi. Kin ɓata mini abu."

"Na ɓata maka? Iko sai Allah! Gidana ne. In tabarka ba ta son turare ta je ta kama haya a Maitama."

Ba mu sake magana ba sai bayan azahar, ya zo ya same ni da faranti da reza. Ya ce, "Tunda ta mutu, zo mu ga cikinta."

Muka zauna a kan tabarma muka yi mata fiɗa. Rigar waje ganye ɗaya ne tal, siriri, sumul, da ɗan maiƙo, an naɗo shi a karkace tun daga ƙasa har sama. An rufe kan da wata 'yar hula ta ganye, an liƙe da wani abu da na lasa na ji kamar ƙaro, ba shi da ɗanɗano. Ƙarƙashin rigar akwai wani ganye mai kauri, mummuna, duk jijiya, shi ne ya ɗaure kayan ciki. Na ce wannan shi ne fatarinta. Can ciki kuma na zata gari zan gani, ko dagargajen ganye irin na sigari. Ina! Dogayen ganye ne, an nannaɗe kowane an bar masa hanyar iska, kuma ba iri ɗaya ba ne. Na riƙa warware su ina shinshinawa. Na tsakiya baƙi ne mai kauri, shi ne mai barkonon, har ya sa ni atishawa. Wanda ke kewaye da shi ja-ja ne, a jikinsa gyaɗar nan take. Akwai kuma wani fari-fari, shafal, ba wani ƙamshin kirki. Na ce wannan ciko ne kawai, an cuci mai saye. Alhaji ya ce a'a, dattijon ya gaya masa ganyen saman tsiro ya fi shan rana, shi ya sa ya fi ƙarfi, na ƙasa kuma shi ke riƙe wuta. Na kai guntun farin kan ashana, ya kama nan da nan. Na kai baƙin, ya yi ta gardama.

Sai na gane ashe haɗi ne. Wani bawan Allah a wata ƙasa ya zauna ya yi abin da nake yi da sandal da hawi da kajiji, wannan don ƙarfi, wancan don daɗi, wani kuma don wuta ta ci. Wallahi sai na ji ina ganin girman mutumin, alhali ban taɓa sa shi a ido ba.

Saura ɗaya ke nan. Ita ba ta tsage ba, amma in ka murza ta kusa da kunne ƙara take yi kamar busasshen ganyen rama. Sandal ɗin bai kai cikinta ba, da muka bar ta ta sha iska ya fita. Abin da take so danshi ne da sanyi da duhu, kuma kada wani ƙamshi ya raɓe ta. Alhaji ya ce a sa a firji. Na ce ta fito tana warin kifi da albasa ke nan. Ni abin da ya faɗo mini a rai shi ne yadda kakata ke ajiye goronta a gindin randa, ya yi makonni bai yi yaushi ba.

Ranar kasuwar Bwari muka tafi neman tukunya. Matar da muka tsaya wurinta 'yar Gbagyi ce, dattijuwa, Hausarta irin ta kasuwa. Na ce ina son tukunya biyu, ƙarama ta shige cikin babba, da murfi, waɗanda ba a taɓa zuba komai a ciki ba.

Ta ce, "Madam, magani ne za ka dafa?"

Alhaji yana ta yi mini ido, ni kuwa na faɗa mata gaskiya, taba za mu ajiye.

"Taba? Buhu nawa ne?"

"Guda ɗaya ce."

Ta dube ni, ta dubi Alhaji da babbar rigarsa, ta kira maƙwabciyarta da yarensu, suka yi ta dariya har ɗaya tana riƙe ciki. Da za mu tafi ta ƙwalo mana, "Oga, ka gaida taba!" Alhaji ya ɗaure fuska har muka wuce Kubwa.

Na wanke yashi na zuba tsakanin tukwanen biyu, na yayyafa ruwa, na sa akwatin a cikin ƙaramar, na rufe. Na kwashe daddawa da manja da busasshen kifi daga sito, na bar wa taba ɗaki ita kaɗai, ni da ke fama da ƙarancin wuri. A hankali ta farfaɗo. In ka ɗan matsa ta sai ta ba da kai ta dawo, kamar naman kunne. Da rani in ƙara wa yashin ruwa, da damina in bar shi haka, in riƙa leƙawa kada fumfuna ta kama. Duk farkon wata Alhaji yakan buɗe, ya shinshina, ya fito ya kawo mini rahoto, wai awakin sun fara watsewa. Ni ma ina leƙawa in ba ya nan, na ma riga shi sani, amma nakan bar shi ya ba ni labari.

Ana haka wata mura mai zazzaɓi da ta zaga gari ta kwantar da shi. Ya tashi, alhamdu lillahi, amma hancinsa bai tashi ba. Ban gane ba sai ranar da na leƙa ƙasa wurin maƙwabciya na bar wake a wuta, hira ta ɗauke ni. Na dawo na tarar waken ya ƙone ƙurmus, ƙauri ya cika gidan, shi kuwa yana zaune a falo yana karanta jarida hankali kwance. Na buɗe baki zan yi masifa, sai na ga yadda yake dubana, bai san me ya faru ba. Likita ya ce wasu yakan dawo musu cikin makonni, wasu sai an shekara, wasu kuma sai dai haƙuri. Mutumin da ke iya gaya mini daddawar wane gari na sa a miya ya koma yana cin tuwo kamar mai shan magani. Ya ce gishiri kawai yake ji, da ɗumi. Abin ya ba ni tausayi, ya kuma ba ni tsoro.

Da wata ya kama ya shiga sito kamar yadda ya saba. Ya daɗe. Sai ga shi ya fito da akwatin a hannu, ya tsaya a kaina ina tsintar shinkafa.

"Hajiya, ara mini hancinki."

Tun daga ranar aikin ya dawo wuyana. Duk wata sai ya kawo ta, in goge hannu, in ɗauka, in bi ta da hanci tun daga kai har ƙasa, inda bakin ganyen ciki yake a buɗe. Shi kuma ya zauna ya rufe ido. Kuma ba ya yarda da amsar ganin dama. In na ce gyaɗa, sai ya ce wace gyaɗa, ta yashi ko wadda aka soya za a yi ƙuli? In ce Alhaji, kai da ba ka ji, kai ne kuma mai gardama? Ya ce ai shi ya sa.

Abin mamaki, tana canzawa. Da farko na zata zuciyata ce ke raya mini, amma ina, hanci ba ya yi mini ƙarya. Turken awakin ya tafi gaba ɗaya. Aka yi wani lokaci tana ƙamshin harawa, irin wadda aka ɗaure aka ɗora a kan rumfa. Daga baya harawar ta ja baya, sai ga fata, sabon takalmi ɗan Kano da aka fito da shi daga leda. Wata damina na ji ƙasa a jikinta, irin ta ruwan farko, na ce ko tukunyar ce ta ba ta, na ɗaga akwatin na dasa shi a kan 'yan tsakuwa, amma ƙasar ba ta tafi ba, ashe tata ce. Launinta ma ya ƙara duhu, rigar ta riƙa ɗan sheƙi. Babu wanda ya ƙara mata komai. Tana kwance a duhu ita kaɗai, ganyayen nan da muka gani a cikin 'yar'uwarta suna shiga juna. Nakan tsaya a shago ina juya turare a wuta, in kama kaina ina tunanin me take ciki yanzu.

In na gama ba shi labari sai ya karɓa, ya kai hancinsa, ya ja, ya ja. Sannan ya girgiza kai ya ce, "Kamar na shinshini gilashi." Ya mayar ya rufe. Ritayarsa tana matsowa, kuma duk mun san abin da muke jira ba tare da mun faɗa ba: ko hancin zai dawo kafin ranar.

Wata rana na ɗaga murfin tukunya sai na ji sandal. Kaɗan ne ƙwarai, a jikin murfin kawai, bai kai akwati ba. Amma nawa ne, na san haɗina ko a cikin dubu. Gidan bene ƙarami, hayaƙi ba ya neman izini, ta ƙarƙashin ƙofa yake bi. Na cusa tsumma, na liƙe da leda, duk a banza. Na zauna na yi shawara da zuciyata. Ina son ranar da hancin mutumin nan ya farka ya same ta tsaf, yadda mai ita ya nufa. Kuma, in faɗi gaskiya, ni ma ina son in san ƙarshen ganyen nan shi kaɗai, ba tare da hannuna a ciki ba.

Sai na kwashe kasko da kwalabe da komai na kai shago. Na daina turara gida, na daina turara rigunansa, guga kawai nake yi musu. In na dawo daga shago, a bakin ƙofa nake tuɓe mayafi in ƙulle a leda, in wuce wanka. Ban gaya masa ba, don na san halinsa, cewa zai yi a bar tabar ta lalace. Kuma ba yadda zai gane. Dama ba a gabansa nake turara gida ba. Kafin miji ya dawo ake yi, hayaƙi ya lafa, ƙamshi ya zauna.

A lokacin na san ainihin warin gidana. Fenti, hayaƙin janareta, da miyar maƙwabta da ke hawowa ta taga. Na tsane shi. Ni da mata ke zuwa tun daga Gwarimpa su sayi ƙamshi a hannuna, in koma in kwana a ɗakin da ba shi da maraba da ofis.

Ana cikin haka yayar Alhaji ta zo daga Zariya, ya riga ya fita aiki. Ta yi sallama, ta shigo, ta tsaya a tsakar falo tana buɗa hanci.

"Matarmu, lafiya kuwa? Ko yaji kika yi, yau kika dawo?"

Na ce, "Lafiya lau, Yaya. Sannu da hanya."

"Gidan mai turare ne wannan? Gaskiyar Hausawa, wanzami ba ya son jarfa. Duk kin kai kasuwa, ƙanena ko oho."

Me zan ce mata? In ce wata taba nake reno a sito, ta ƙaninta, Alhaji guda? Kafin ta kai Zuba labari ya isa Zariya. Ni da ba na barin magana ta kwana, ranar na bar ta ta kwana. Na ce hancinsa ne ba ya so, na kawo mata ruwa. Na ji daga baya ta gaya wa dangi wai son kuɗi ya kama ni. Ya yi mini zafi ƙwarai, har yanzu in na tuna sai na yi tsaki.

Ritaya ta zo, hanci bai zo ba. Ofishinsu suka yi masa walima, suka ba shi agogon bango. Bayan 'yan kwanaki, da la'asar sakaliya, damina ta kusa ɗaukewa, ya ce in kawo akwatin baranda. Na ce ya ƙara haƙuri, ai ba guduwa za ta yi ba, wata rana sai dai ya farka ya ji ƙamshin shayi.

Ya ce, "An yi mata alƙawari. Kuma dattijon ya ce tana da iyaka, in ta wuce sai ta fara tsufa. Ni ma haka."

Wannan karon ban ɗauki tsintsiya ba, kujera na jawo. Ya cire mata hula da reza, ya gasa ƙasan, ta kama daidai ko'ina, babu inda ya riga wani. Ya ja, ya riƙe a baki, ya saki a hankali. Ni ba tabar nake kallo ba, fuskarsa nake kallo. Ya sake ja. Toka fara tas ta fara taruwa a bakinta, ta tsaya ba ta zuba ba.

Ya ce, "Ɗumi. Da ɗan ɗaci. Shi ke nan."

Na ce bari in gaya masa, na matsa na sa hanci a hayaƙin da ke tashi. Na fara lissafa masa, sai ya ɗaga hannu.

"Wannan na waje ne. A baki take magana." Ya miƙo mini ita.

"Alhaji, kanka ɗaya kuwa?"

Bai janye hannun ba. Na dubi hagu, na dubi dama, babu kowa sai dutse. Na ce astagfirullah, na karɓa. Jan farko na haɗiye shi duka, na yi ta tari, hawaye sharkaf, shi kuwa yana dariyar da rabona da jinta tun kafin ciwon. Ya ce a baki, Hajiya, a baki, kamar mai kurkure. Na sake.

Kai! Ashe duk shekarun nan a bakin ƙofa nake tsaye. Babu barkono, babu ihu. Laushi ne da ita. Gyaɗar ce ta fara zuwa, ta yashi, mai ɗan gishiri. Bayanta wani abu kamar madarar shanu da aka tafasa ta ɗan kama gindin tukunya. Na gaya masa, ya rufe ido yana gyaɗa kai. Na miƙa masa ya ja, ya maido mini. Da wuta ta ci gaba sai ta juya, madarar ta tafi, fatar ta fito sosai, ga busasshen dabino, ga wani ɗan kanumfari can baya wanda ban taɓa ji a jikinta ba tana ɗanya. Na ce Alhaji, barkononka ya dawo, amma da sallama ya shigo. Ya ce ashe ya yi hankali. Kaina ya fara ɗan juyawa, amma ban so in daina ba, ina son in ga inda za ta kai.

Mun kai wajen rabinta sai ya ce, idonsa a rufe, "Turarenki fa? Bai shige ta ba? Ina ta tunani, gidan nan kullum cikin hayaƙinki yake."

Na gyara zama, don na daɗe ina jiran a yaba mini. Na ce, "Ko ɗis babu. Ai na daina."

Ya buɗe ido. "Kin daina me?"

"Turara gidan mana. Damina biyu ke nan ban sa garwashi a gidan nan ba. Kaskon ma yana shago. Ka zata haka kawai ta fito tsaf?"

Ya dube ni. Sannan ya ajiye tabar a kan faranti a hankali, ya ɗora hannuwansa a kan gwiwa.

Ya ce, "Ni kuwa kullum in na hawo benen nan, na buɗe ƙofa, sai in tsaya in ja numfashi. In ce yana nan, ni ne dai ba na ji. Da shi nake shiga gida."

Na sha ganinsa yana tsayuwar nan a bakin ƙofa. Na ɗauka matakala ce ke gajiyar da shi.

Na tashi na shiga kicin, na lalubo guntun gawayi a ƙasan buhun da muke gasa naman sallah da shi, na ɗora a kan gas har ya yi ja, na juye a wani tsohon kwano. A jakar hannuna akwai ɗan ƙullin turare da zan kai wa wata mai saye ta gwada. Na kwance na barbaɗa, na fito da kwanon baranda na ajiye a gabansa. Tabar tana kan faranti, wutarta ta mutu, babu wanda ya waiwaye ta.

Ya sunkuya a kan kwanon, hayaƙi ya rufe masa fuska. Ya ja, ya ja, har idonsa ya kawo ruwa.

Na ce, "Kana ji?"

Ya ce, "A'a. Ƙara."

Na ƙara.